Lambar Kofur

Sai da na ji mai kaki ya amsa wa direbanmu da Faransanci sannan na yarda cewa ni Rifkatu, 'yar Saja Bawa ta Zuru, na bar Najeriya. A Segbana ke nan, cikin ƙasar Benin. Ni da iyakar tafiyata Birnin Kebbi, ita ma sai ofishin ilimi ya kira mu. Na leƙa ta taga ina neman abin mamaki, sai na ga jar ƙasa irin tamu, awaki irin namu, har na ɗan ji haushi. Duk da haka murna ta hana ni zama daidai a kujera. Kowane rami muka faɗa sai na kai hannu ƙirji, in taɓa ɗan faifan ƙarfen da na rataya a wuya ƙarƙashin riga.

Bari in faɗi abin da ya fitar da malamar firamare daga Manga ta ƙasar Zuru ya jefa ta ƙasar mutane.

Babana tsohon soja ne, direba. A Zuru wannan ba labari ba ne, gida nawa ne babu kaki a rataye? Abin da ya bambanta gidanmu shi ne mota. Ogan Baba, wani hafsa da ya yi kwas a Amurka, shi ya dawo da ita: ƙofa biyu, ja wur, baƙin layi a kan bonet, silinda takwas, irin waɗanda Amurkawa suka ƙera a da don ƙarfi da gudu kawai. Da hafsan zai bar aiki sai ya ba Baba ita kyauta, saboda a lokacin yaƙi Baba ya goya shi ya fitar da shi daga cikin wuta. Baba ya sa mata suna Kofur. Wai ba zai ƙara mata girma ba, don shi kaɗai ne saja a gidan.

Kofur ta yi aikin da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. Ta ɗauko buhunan dawa daga Bena, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare coci. Idan Baba ya tayar da ita, kajin unguwa gaba ɗaya sai su watse. Ranar da ta mutu a hanyar Dirin Daji, shanu ne suka jawo ta gida, kanikawa kuma suka ce babu kayanta a ƙasar nan. Baba ya sa aka ajiye ta a gindin mangwaro. Ya aro kurfi a wurin maƙeri, ya sare ƙusoshin wani ɗan faifai mai lambobi da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Ni na riƙe masa ƙofar, ina yarinya. Kurfin ya zame, ya karce faifan, ya zarce cikin ƙarfen motar, ya kuma tsaga masa babban yatsa.

Na ce, "Baba, me ya sa kake cire mata?"

Ya ce, "Soja in ya faɗi, lambarsa ake cirewa a kai gida."

Ya jefa faifan cikin gwangwanin da yake ajiye lambobin yabonsa, tare da wasu lambobin wuya na abokansa da suka mutu a gabansa, waɗanda bai taɓa gano danginsu ba.

Bayan shekaru wani dillalin tsoffin motoci mai suna Sule, mazaunin Kwatano, ya zo ya saye gawar Kofur. Babu wanda ya tuna da faifai. Sule ya sayar wa wani mai tara tsoffin motoci a Tema ta ƙasar Gana, Mista Kwame, shi kuma ya daɗe yana gyara ta. Da ya gama, ya gayyato ƙwararriya daga Amurka ta tabbatar masa cewa ta asali ce, sai ta aiko masa cewa motar da babu faifanta ko dai ta sata ce ko kuwa haɗe-haɗe ce. Mista Kwame ya karɓi lambar wayar Baba a wurin Sule ya kira cikin fushi. Baba kuwa kunnensa ya yi nauyi, kullum wayarsa a kan lasifika take, kuma yana zaune ne a kan benci da tsoffin sojoji bayan an tashi daga sujada a coci. Kowa ya ji an ce Saja Bawa ya sayar da motar sata.

Kun san garinmu. Kafin Lahadi ta zagayo, har an samu masu cewa dama sun daɗe suna mamakin yadda saja ya mallaki irin wannan mota. Hafsan da zai yi shaida ya riga mu gidan gaskiya. Baba ya daina zuwa benci, ya daina zuwa coci, ya kwanta. Mutumin da ke noman dawarsa da kansa ya koma ko bayan gida sai da sanda. Wallahi na tsorata, na ga maganar nan za ta kai shi kabari.

Ni na kira Mista Kwame na ce faifai yana nan. Ya ce a aiko masa ta kamfanin aika saƙo. Baba ya ce atafau, lambar soja ba buhun gero ba ce da za a ba ɗan kamasho. Yayyena biyu duk sojoji ne, suna bakin aiki. Sai ya zura wa faifan igiya ya rataya min da hannunsa.

Ya ce, "Sharaɗi biyu, ɗiyata. Ki gani da idonki Kofur ce. Sannan in ji ta da kunnena tana da rai. In gawa ce, dawo min da lambata."

To ka ji abin da ke wuyana a Segbana.

Daga nan zuwa Kandi, daga Kandi zuwa Faraku, na sha matsi irin wanda ban taɓa sha ba. Layin wayata ya mutu tun kan iyaka. Na tsaya sayen ruwa, na miƙa wa mai shago sefa, ya ba ni canjin da ko makaho ya san an cuce shi, na buɗe baki zan yi masifa na tuna ba ni da harshen yin ta. Sai na ji wata murya a bayana ta balbale shi da Faransanci haɗe da Hausa, har ya ƙaro min tsabobi yana sunkuyar da kai. Wata dattijuwa ce mai jiki, Hajiya Kulu, 'yar Aliero, mai fataucin albasa zuwa Gana.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar ina ce, kike kallon kuɗi kamar ba ki son su?"

Na ce, "Zuru, Hajiya."

"Awo, na ji a bakinki. 'Yan bisa dutse. Zo zauna kusa gare ni kafin su sayar da ke."

Tun daga nan ta riƙe ni. Ta ba ni ƙuli-ƙuli da soyayyen nama, na ba ta labarin Kofur. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta ga masu ƙetare ƙasashe saboda miji, saboda gado, amma ba ta taɓa ganin mai yi saboda tsohon ƙarfe ba. Na ce mata ba don ƙarfe ba ne, don sunan tsohona ne. Ta daina dariya ta ce, "Wagga kuma magana ce."

A tashar Kwatano, ina sauka na ji an kira sunana. Sule ne, cikin farar shadda, da fara'a har kunne. Ashe Mista Kwame ya gaya masa faifai ya fito, shi kuma ya kira Mama da sunan taimako ta faɗa masa ranar da na taso. Ya ce ai Allah ya hutar da ni, an kawo motar Kwatano don a tashar jirgin ruwa ta nan za a loda ta, baturiyar nan ƙwararriya ma tana gareji tana jirana. Daɗi ya kama ni. Hajiya Kulu ta ja ni gefe ta ce ita dai fara'ar mutumin nan ta yi mata yawa, kuma tana tashar motocin Lome har la'asar tana jiran kayanta. Na ce mata ai mun san shi, har tuwo ya ci a gidanmu.

Ya kai ni wani gareji a bayan gari. Aka yaye tamfol, sai ga jar mota, ƙofa biyu, baƙin layi a kan bonet, tana ƙyalli. Ban san lokacin da na rungume ta ba. Na yi kuka, na kira ta da sunanta, na ce Kofur kin ga yadda kika koma yarinya. Sule ya ce baturiya ta ɗan fita, in kawo faifan a manna kafin ta dawo. Har na kai hannu wuya. Sai na ce bari dai in cika umarnin tsoho. Na buɗe ƙofar direba na shafa ginshiƙin.

Sumul. Babu karce ko kaɗan. Ramuka biyu ne sababbi fil, har garin ƙarfen da aka huda yana maƙale a yatsana.

Na ce a tayar da ita. Sule da yaran garejin suka yi 'yan kame-kame, sannan wani ya murɗa makulli. Abin da ya fito ya fi kama da injin niƙan unguwarmu.

Ni kuma bakina ba ya da birki, gadon Baba ne. Na ce, "Malam Sule, wannan ko kajinmu ba za ta kora ba."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce in bar wasa, faifai ne kawai, zai ba ni abin da albashin malanta ba zai ba ni ba, in koma gida in ce ya ɓace a hanya. A nan na gane dabarar. Ya samo mota mai kama da ita, ya yi mata fenti, yana jiran lambar Kofur ya manna ya sayar da tsada, Baba kuma ya mutu da sunan ɓarawo. Ya sa ƙafa ya take jakata, wani kuma ya nufi ƙofar gareji zai rufe. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na sunkuya na ɗauki ƙarfen jak, na fara ja da baya ina zazzaga musu ihu da harshenmu na C'lela. Ba su san me nake faɗa ba, ni ma ban tuna ba, amma mata masu tuyar doya a bakin titi suka taso suna leƙe. Na fice na haye kabu-kabu ina ta maimaita wa mai babur, "Lome, Lome."

Jakata ta tafi, da kayan sawata, da ankon zumuntar matan cocinmu da na tanada don ranar, da garin dawar da Mama ta ce in kai wa Mista Kwame don a nuna masa mu ba mutanen banza ba ne. Takarduna da guzurina ne kawai suka tsira, don suna cikin lalita. Hajiya Kulu ta gan ni da ƙarfen jak a hannu, don ban ma yar da shi ba. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta kwance ƙullinta ta ba ni zani da ɗankwali, ta ce, "Ƙarfen wuyan yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce, "To hau mota."

A hanyar Lome na ga teku. Jama'a, ashe haka abin yake. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana faɗuwa, ba kwale-kwalen da zai ce ya san ƙarshensa. Na manta da jaka, na manta da Sule, na dinga taɓa Hajiya ina cewa ta duba, ita da ta gan shi ya fi a ƙirga. Na yi ta tunanin yadda zan kwatanta wa 'yan ajina, yaran da babban ruwansu shi ne rafin da ke cika da damina. Amma da aka kawo min dokunu, tuwon masarar can, da kifi da barkono, na kai loma ɗaya, sai kewar gida ta taso min gaba ɗaya. Na tuna tuwon dawar Mama da miyar kuka, da duwatsunmu in sun yi kore, da Baba kwance yana fuskantar bango. Na ci abincin nan da hawaye, kuma na cinye shi tas don yunwa nake ji.

Kan iyakar Aflawo, inda ake shiga Gana, mun sha tsayuwa a rana har ƙafafuna suka kumbura. Wannan ya ce kawo takardar rigakafi, wancan ya fizge ta ya ce shi zai kai min ciki, Hajiya ta fizgo ta daga hannunsa ta haɗa masa da zagi. Muka kwana a zangon Hausawa a Ankara, babban birnin Gana, gidan wata ƙawarta. Hausar mutanen nan ta ba ni dariya, tawa ma ta ba su, suka ce wai ina magana kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Da wayar mai gidan na kira Mama. Na ce gobe da hantsi ta tara tsoffin sojojin nan a gindin mangwaro, duk wanda ya ji zagin ya zo, ko da za ta yi musu ƙaryar an dafa burkutu ne.

Da safe Hajiya ta raka ni har ƙofar gidan Mista Kwame a Tema, ta ce albasa ba ta jira, ta tafi. Ko zaninta ba ta karɓa ba.

Mista Kwame dogo ne mai furfura a gemu, ya gaishe ni a daƙile. Ƙwararriyar kuwa, Madam Helen, tsohuwa ce 'yar firit cikin kayan kanikawa, da tocila da ɗan madubi mai dogon hannu. Ta yi min bayani a natse da Turanci mai sauƙi. Ta ce irin wannan mota kaɗan aka ƙera, shi ya sa mutane ke ɗaukar mai araha su sa mata babban inji da fenti su ce ita ce. Ta ce faifai kaɗai ba ya gamsar da ita, don ana cire shi daga wata a manna wa wata. Amma masu ƙera motar sun buga wani sashe na lambar a jikin inji da wasu ɓoyayyun wurare a shasi, kuma sai duk sun yi daidai da faifan. Na ba su labarin garejin Kwatano. Mista Kwame ya zauna a kan taya ya riƙe kai.

Na ce, "Ku yi haƙuri, ni ma dubawa aka aiko ni. Ni zan fara."

Wannan karon ban rungumi kowa ba. Ja ce, kyakkyawa, ta fi ta Sule kyau nesa ba kusa ba, amma na wuce kai tsaye na buɗe ƙofar direba. Yatsana ya faɗa cikin karcen tun kafin idona ya gan shi. Mista Kwame ya ce mai fenti ya so ya cike shi, shi ya hana, ya ce a bari ƙwararriya ta gani. Na sunkuya da igiyar a wuyana na ɗora faifan a kan tsoffin ramukan. Karcen da ke kan faifan ya sauka cikin na ginshiƙin, layi ɗaya, ba karkata. Na ji kamar in yi guɗa a gidan mutane.

Madam Helen ta duba da gilashin ƙara girma, ta kwafi lambar, ta shige ƙarƙashin mota a kwance. Ta fito ta buɗe bonet, ta goge wani wuri a jikin inji, ta zura madubinta. Ta koma baya ta ɗaga kujera. Ni dai ina tsaye, addu'a nake a zuci. Can ta miƙe tana kallon wani abu a tafin hannunta, ta tambaye ni ko na san mene ne wannan, ta zaƙulo shi ne daga wani lungu da ba a taɓa buɗewa ba. Na duba. Ƙwayoyin dawa ne, sun bushe sun yi baƙi. Na ce mata daga Bena suke.

Ta ce lambar inji da ta shasi da ta faifai duk ɗaya ne, motar ta asali ce. Ta ƙara da cewa dole ta rubuta cewa an taɓa cire faifan, kuma tana son sanin dalili. Na faɗa mata abin da Baba ya ce ranar, da gwangwaninsa. Ta ce haka za ta rubuta shi, ba ragi.

Mista Kwame ya miƙo hannu zai karɓi faifan, idonsa ya yi ja. Na ce, "Saura ɗaya, ranka ya daɗe. Ara min wayarka."

Mama ta ɗauka. Na ji hayaniyar tsofaffi da kukan zakaranmu, ta ce an fito da Baba an zaunar da shi a benci. Mista Kwame bai jira na roƙe shi ba. Ya faɗi sunansa, ya ce shi ne ya kira Saja Bawa mai sayar da motar sata, ya yi kuskure, an bincika an ga motar ta gaskiya ce kuma mai ita mutumin kirki ne, yana neman gafara a gaban duk wanda ya ji. Na fassara da Hausa da ƙarfi, na sake da C'lela saboda kada wani ya ce bai gane ba.

Sai muryar Baba: "Na ji. A tayar da ita."

Na kai wayar kusa da salansar motar, inda hayaƙi ke fita. Mista Kwame ya murɗa makulli. Ta yi tari sau ɗaya, sannan ta kama. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata, kwanon gareji ya ɗauki rawa, ƙarar nan mai kauri ta shige min har ƙashi. Ita ce. Ya taka mata wuta ta yi ruri, ni kuwa na saki guɗar da nake ta riƙewa. Ta cikin wayar na ji tsofaffi sun kaure da sowa, wani yana cewa wallahi Kofur ce, ko a kabari zai gane ta.

Da aka kashe inji sai na ji Mama tana kuka. Ta ce, "Rifkatu, ya miƙe tsaye. Babu sanda. Ya sara wa Kofur."

Baba ya karɓi wayar, ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Ɗiyata, mayar mata da lambarta." Ya ƙara da cewa, "Na cire wa mutane da yawa lamba da hannun nan. Wannan ce ta farko da zan mayar."

Na cire igiyar daga wuyana. Ta bar min shaida ja a fata, ta gumi da tafiya. Madam Helen ta kawo sababbin ƙusoshi, ni kuma na riƙe mata ƙofar.